Ranar Da Injiniya Ya Wanke Kwamfutar Auta

Duk unguwar da Allah ya so da alheri yakan ajiye mata mutum guda wanda ya san komai, don sauran jama'a su huta. Mu a layinmu an ba mu Injiniya. Ba mu roƙa ba, ba mu cancanta ba, aka dai ba mu, kuma muna godiya.

Kada wani ya tambaya a wace makaranta ya yi injiniyancin. Wannan tambayar masu hassada ce. A wurin aikinsa shi ke riƙe da ɗakin ajiya, duk mai son takarda ko biro ko tawada sai ya biyo ta gabansa. Wata rana injin buga takardu na ofis ya tsaya cak, manya suka kewaye shi suna kallo. Injiniya ya ratso su, ya zare igiyar wutar daga bango, ya tsaya yana duban silin kamar mai lissafi, ya mayar. Injin ya tashi. Wani ya ce, "Kai, injiniya!" Da wasa ya faɗa. Sunan ne bai san wasa ba, ya samu wuri ya zauna. Yau ko mai ɗakinsa in ta kira shi da wani suna, sai ta sake kira kafin ya waiwayo.

Daga baya ofis ya tura shi wani ɗan horo, aka raba musu filas, ɗan abin nan kamar yatsa da ake sokawa a gefen kwamfuta, da shuɗiyar igiya ta ratayawa. Sauran da suka je sun jefa nasu a aljihun tebur sun manta. Injiniya ya rataya nasa a wuya, shekara da shekaru bai sauke ba. Igiyar ta koɗe, rubutun jikinta ya goge, filas na nan a ƙirji yana lilo. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa duba mara lafiya. In yana magana yakan riƙe shi da yatsa biyu yana juyawa. In kuwa ka ga ya ɗaga shi sama, to gyara zama, jawabi ya zo. Yaran layi Baba Filas suke ce masa, amma sai sun ga ya sha kwana.

A cikin filas ɗin akwai abin da yake kira babbar manhaja. Ya sha yi mini bayaninta, ni da karatuna bai yi nisa ba. Abin da na riƙe shi ne, ita ce maigidan kwamfuta, sauran manhajoji duk 'yan haya ne. A cikin 'yan hayar nan kuma akwai waɗanda Injiniya ya tsana fiye da ciwon haƙori, wato waɗanda kamfani ke cusawa a sabuwar kwamfuta ba tare da mai saye ya nema ba. Tarkace yake kiransu, yana faɗa yana yamutsa fuska.

"Kamfanonin nan ba ƙaunarku suke yi ba," in ji shi, in mun zauna a benci da yamma. "Ka sayi abu sabo fil a leda, ka buɗe, ka tarar an riga an cika maka gida da baƙi. Wannan wasa, wannan talla, wannan wai maganin bairos na gwaji, kafin wata ya fara yi maka kuka. Su ci wuta, su ci wuri, su leƙa asirinka. Wanda bai sani ba haka zai zauna da su. Ni kuwa?" Sai filas ya yi sama. "Ni share gidan nake yi har ƙasa, in zuba sabuwa tsantsa. Fomatin ke nan. Ba a ƙera kwamfutar da ta gagare ni ba."

Wannan gaskiya ne. Ba mu taɓa jin wadda ta gagare shi ba. Guda ɗaya dai aka taɓa ba shi, wata tsohuwa a ofis da aka riga aka yanke shawarar zubarwa, kuma bayan ya gama da ita ba wanda ya ga dalilin sake shawara.

Ana nan sai Allah ya kawo masa aiki har gida.

Injiniya shi ne babba a ɗakinsu, a gidansa mahaifiyarsu Inna take zaune. Ƙaramarsu, Auta, ma'aikaciyar jinya ce a wani ɗan asibitin unguwa, inda ita ce mai allura, ita ce mai wanke ciwo, ita ce mai lallashin masu jira. Ta daɗe tana neman wuri a babban asibiti. Bana suka kira ta, suka ce za su yi mata tambayoyin ɗaukar aiki ta kwamfuta, suna ganinta tana ganinsu. Mijinta direban doguwar tafiya ne, kafin ya kama hanya ya saya mata sabuwar kwamfuta laftof, siririya kamar faranti. Mutanen asibitin suka aiko da manhajarsu, ta saka, suka gwada hoto da murya tare da ita, komai lafiya lau. Saura kawai gari ya waye, da hantsi a yi.

Gidan Auta yana jikin shagon masu walda, in sun fara ko kiran sunanka ba ka ji. Shi ya sa ana gobe za a yi ta ɗauko kwamfutar ta kawo gidan yayanta, inda falo yake shiru kuma intanet ke da ƙarfi. Ta buɗe tana nuna wa Inna inda fuskarta za ta fito. Ana cikin haka wani ɗan akwati ya faɗo a kusurwar gilashin, ja, yana walƙiya, yana cewa a sayi cikakken maganin bairos.

Injiniya na tsaye a bayansu. Ya dafe ƙirji, daidai kan filas.

"Auta, da wannan za ki shiga gaban manyan likitoci?"

"Yaya, ai rufe shi ake yi. Ka gani, ya tafi."

"Ya tafi ya kirawo 'yan'uwansa. Gobe kina tsakiyar magana, shugaban asibiti na sauraro, sai wannan ya faɗo a kan hancinsa. Me za ki ce? A yi haƙuri, baƙona ne?"

Auta ta sake duban kusurwar gilashin. Abin bai taɓa zuwa mata a rai ba, yanzu kuma ya zo ya ƙi fita. Ta dubi agogo, lokacin aikinta na rana ya yi. A gidan nan kuma ba a ce wa Yaya a'a sau biyu a zama ɗaya.

"To don Allah, Yaya, shi wannan jan kaɗai za ka cire. Kada ka taɓa sauran. An riga an gwada komai."

"Je ki aikinki," in ji Injiniya, da murmushin mutumin da aka kawo wa mara lafiya ana koya masa inda ciwon yake.

Babban aiki ba ya yiwuwa babu shaidu. Auta na fita ya aiko aka kira ni, aka kira tela na shagon da ke kallon gidan. Muka tarar an jawo tebur tsakiyar falo, an shimfiɗa farin tawul, an ɗora kwamfutar. An kashe talabijin, an kora yara waje. Injiniya ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya naɗe hannun riga, ya sa tabarau. Mai ɗakinsa na tsaye a bakin ƙofar kicin da cokali a hannu. Inna na kan kujerarta. Sannan, a gaban idonmu, ya sunkuyar da kai ya cire filas daga wuya. Tela ya ce shi tun da ya kama shago a layin bai taɓa ganin wuyan Injiniya tsirara ba.

"Ba cewa ta yi jan nan kaɗai ba?" in ji mai ɗakinsa.

"Mara lafiya ba ya rubuta wa kansa magani," in ji Injiniya, ya soka filas.

Ashe akwai maɓallin da ake dannawa daidai lokacin da kwamfuta ke tashi, don ta bar abin da ke cikinta ta saurari filas. Injiniya ya kunna, ya danna. Kwamfutar ta tashi abinta kamar ba a yi ba, har da 'yar waƙarta. Ya kashe, ya kunna, ya danna wani. Ta sake tashi da waƙa. Ya ce mana lafiyarta yake gwadawa, ba a fara aiki sai an ji bugun zuciya. Aka yi ta jin bugun zuciya har shayin da aka kawo mana ya huce. Can dai ya baza yatsu goma a kan layin sama yana ta kaɗawa kamar mai koyon kiɗa, sai ga baƙin gilashi da fararen rubutu.

"Kun gani?" Ya waiwayo. "Sanin wanda za a danna, shi ne ilimin."

Aka wuce wasu shafuka, aka iso wani mai layi-layi. Ya ce waɗannan su ne ɗakunan da ke cikin kwamfutar. Akwai babba, akwai ƙanana. Ya nuna wani ƙarami can ƙasa, ya karanta sunansa, ya yi dariyar wanda ya kama ɓarawo a bayan ƙyaure.

"Wannan shi ne ɗakin komawa. Wai in abu ya lalace, a nan ake dawo da kwamfuta yadda ta fito daga kamfani."

"To ai kamar yana da amfani ke nan," in ji tela.

"Yadda ta fito daga kamfani, tela. Ka saurara da kyau. Da tarkacen ke nan. A nan suke ɓoye iri."

Ya share shi. Ya share na samansa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har da babban. Kowane ya taɓa sai kwamfutar ta fito da tambaya, wai ya tabbata? Duk abin da ke ciki zai tafi fa. Wannan ya ɓata wa Injiniya rai ƙwarai.

"Ni take tambaya ko na tabbata? Jiya-jiyan nan aka ƙera ki."

Daga nan aka shiga jira. Wani ɗan layi yana tafiya a hankali, Injiniya yana zagaya tebur hannu a baya, yana ba mu tarihin kwamfuta tun daga lokacin da take cika ɗaki guda. Ya ce watarana za a gane darajar irinsu, amma shi ba ya gaggawa. Ya ce wannan da muke gani, a manyan birane layi ake yi a samu mai yi, shi kuwa ga shi yana yi wa ƙanwarsa don zumunci. Inna ta yi gyangyaɗi ta farka, yana kan shekarun da aka ƙirƙiro filas.

Da la'asar kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta. Injiniya ya zare filas, ya hure shi, ya mayar wuya. Gilashi ya kawo, shuɗi tas, babu komai sai kwandon shara a kusurwa. Rubutun ya yi manya-manya, har Inna ta ce yau ne karon farko da ta ga kwamfutar da ta san da tsofaffi.

"Ku duba," in ji Injiniya. "Ku duba da kyau, ba kullum ake ganin wannan ba. Tsantsa. Babu baƙo ko ɗaya."

Ya ɗora yatsa a ɗan filin nan da ake shafawa don 'yar kibiya ta motsa. Kibiya ta tsaya inda take. Ya shafa hagu, ya shafa dama. Ya goge yatsan a tawul, ya sake. Ya canza yatsa. Kibiya ko gezau.

"Dama shafe-shafen nan na malalata ne," ya ce. "Ƙwararre da maus yake aiki."

Ya shiga ɗaki, muka ji ana jan kwali daga ƙarƙashin gado, ya fito da wani tsohon maus mai doguwar igiya, ƙura a gwiwar wandonsa. Ya soka, kibiya ta motsa. Muka yi masa barka.

Ya ce bari mu ji murya. Ya danna, ya ƙara, ya kai ƙarshe. Shiru.

"Kun ji?" Ya ɗaga yatsa. "Ɗazu ba waƙa take yi mana ba? Yanzu fa? Natsuwa ke nan."

Ya buɗe kamara, gilashi ya yi baƙi ƙirin, ba mu ga komai ba sai inuwar tabaransa. A nan bai ce mu duba ba. Ya gangara kusurwar ƙasa inda alamar intanet take zama. Ya leƙa, ya cire tabarau ya leƙa, ya mayar ya leƙa. Kwamfutar ba cewa ta yi intanet ɗin gidan ba shi da ƙarfi ba. Ita a saninta ba a taɓa yin wani abu wai shi intanet a duniya ba.

Abin da ya faru, kamar yadda muka tsinta daga gunagunin da yake yi shi kaɗai, shi ne babbar manhajar da ke cikin filas ta girmi kwamfutar da shekaru masu yawa. Ta shigo sabon gida ba ta san kowa ba. Ashe kamara da lasifika da abin shafawa da abin kama intanet, kowanne yana da 'yar manhajarsa da ke tuƙa shi, direba ake ce mata. Kamfani ya zuba su tun farko, suna zaune a tsakiyar baƙin nan. Tsintsiyar Injiniya kuwa ba ta tambayi kowa sunansa ba.

"Ƙaramin abu ne," ya ce, bayan ya yi gyaran murya. "Direbobin suna nan a intanet, kyauta. Saukowa kawai za a yi."

"To a sauko da su mana," in ji mai ɗakinsa.

"Sai an shiga intanet."

"To a shiga."

"Sai da direba."

Injiniya ya sake yin bayanin daga farko, wannan karon a hankali, kamar mai fatan in ya bi hanyar sannu za ta ɓulle wani wuri. Ta ɓulle inda ta ɓulle ɗazu.

"Wato an kulle ɗaki, makullin na ciki," in ji tela.

"A'a. Ba haka ba ne." Injiniya ya juya filas. "Kusan haka ne, amma a ilmance."

Ya ce akwai kebul da ake jonawa kai tsaye. Ya ɗaga kwamfutar yana neman ramin, ya duba hagu, ya duba dama, ya duba baya. Siririyar ba ta da shi. Ya yi mana ɗan jawabi a kan kamfanonin zamani da rowar rami. Tela ya tuna yana da ɗinkin da za a karɓa. Ni ban tuna komai ba, na zauna.

Da magariba Auta ta dawo, fararen kayan aiki a jiki, ƙafa ta kumbura. Ta gaida Inna, ta gaishe ni, ta zauna gaban kwamfutar tana murmushi.

"Kai, Yaya, ta yi fes. Ina manhajar asibitin?"

"Wacce ke nan?"

"Mai koriyar alama. Tana nan gefen hagu."

"Au. Wannan." Ya dubi silin. "Ai ta yi kama da su."

Auta ta shafa filin yatsa. Ta dubi maus. Ta dubi kusurwar ƙasa. Mai aikin jinya ba ta ihu, ta saba ganin abin da ya fi wannan. Ta sunkuya ta cire takalmanta, ta jera su a gefe, ta zauna tana kallonsu. Ni da na san shekarun da ta yi tana jiran wannan kira, na gwammace ta yi ihun.

"Babba," in ji Inna, haka take kiransa. "Me ka yi wa yarinyar nan?"

"Inna, aikin ya kai kashi casa'in. Gobe da sassafe ina ofis, intanet ɗinmu na can kamar ruwan famfo. In zubo direbobin a filas, in dawo, kafin hantsi ta fi yadda take da."

"Ba za ka tafi da ita can ba?" in ji mai ɗakinsa. "Ko ka duba lambarta a ƙasa?"

"Ni da na ga cikinta? A kaina take."

Gari na wayewa ya fita, filas na lilo, tafiyar mai zuwa ceto. Rana ta ɗaga. Auta ta yi wanka, ta sa kayanta masu kyau, ta zauna a falo tana duban ƙofa. Babu Injiniya, babu labarinsa. Da lokaci ya matso ta tura wa mutanen asibitin saƙo, ta ce kwamfutarta ta samu matsala, ko za ta iya shiga ta waya? Suka ce ta shiga, amma hoto ya tsaya wuri ɗaya, kada ya yi ta rawa, kuma in ta makara za su wuce kan na bayanta.

Wayar Auta tsohuwa ce, kusurwarta a fashe, cike da hotunan yara da wasannin da yaran suka cusa mata. Sai da ta goge bidiyon wasu kafin manhajar asibitin ta samu wurin zama. Sai kuma neman inda za a kafa ta. Aka jingina ta da kofi, ta zame. Aka sa filo, ta nutse tana kallon silin. Aka tara littattafan yara, ta tsaya, amma haɓar Auta kaɗai take ɗauka. Lokaci kuma na ta tafiya.

Mai ɗakin Injiniya ta tsaya tana duban tebur. Sai ta jawo kwamfutar, ta ɗora ta a kan littattafan, ta buɗe murfin, ta kafa wayar a kan maɓallai ta jingina ta da gilashin. Ta ɗan tura murfin baya, ta ɗan jawo shi gaba, sai ga fuskar Auta a tsakiya daidai, da kafaɗu, da farin bango a baya. Wayar ta zauna daram. Ka ce don wannan aikin kamfani ya ƙera abin.

Ni da na leƙo tun da safe, aka sa ni a bakin ƙofa in hana yara shiga. Daga nan nake jin muryoyi, namiji da mata biyu, suna tambaya Auta na amsawa. Da farko muryarta na sarƙewa. Da aka zo kan yadda ake yi da mara lafiyar da ya ƙi shan magani, sai ta saki jiki, har na ji ɗaya daga cikin matan ta yi dariya.

Ana tsakiyar haka wayar ta ɗauki ruri. Hoton likitoci ya ɓace, sunan Yaya ya cika gilashi. Auta ta katse, ta ba da haƙuri. Ya sake kira. Ta katse. Ya sake. Mai ɗakinsa ta fice kicin da gudu, ta kira shi da tata wayar, ina jin ta ta taga tana magana ƙasa-ƙasa, haƙora a cije.

"Ka daina kiran yarinyar nan! Ana ciki!"

Muryarsa kuwa ko ba a sa a lasifika ba tana fita. "Ki juya kwamfutar ki karanto mini lambar da ke ƙasanta. Ashe iri-iri ne, sun fi ashirin, duk kamarsu ɗaya. Wannan ma wani makircin kamfani ne."

"Ba ta juyuwa. Wayar na jingine a jikinta."

"To a ce wa likitocin su ɗan dakata. Ki ce injiniya ne ke magana, za su gane."

Ta kashe. Ta kuma tsaya da wayar a hannu, duk kiran da ya yi ta ɗauka ta ajiye a kan tebur, yana ta bayani shi da tukwane, don dai layinsa ya zauna a kame.

Aka gama lafiya. Shugaban ya ce sun ji daɗin amsoshinta, akwai sauran mutane da za su gani, amma kafin yamma za su bugo wannan lambar su faɗa mata matsayinta. Ta riƙe wayar kusa. Auta ta fito ta sha ruwa kofi biyu a tsaye.

Bayan azahar sai ga Injiniya, gumi har cikin takalmi, filas cike da direbobin kwamfutoci iri-iri, ko Allah zai sa a dace da ɗaya. Ya tsaya a tsakiyar falo. Ya ga littattafai, ya ga kwamfuta a kai, ya ga waya a jingine. Wani ƙaramin mutum da nan zai nemi wurin zama. Injiniya ba ƙaramin mutum ba ne.

"An yi?"

"An yi, Yaya. Sun ce za su bugo wayata kafin yamma."

"Talla ta faɗo?"

"A'a."

"Ta tsaya a tsakiya? Ta yi zafi? Ta yi ƙara?"

"Yaya, a kashe take."

"Ba wannan na tambaye ki ba." Ya juyo gare ni da tela, wanda ya leƙo jin labari. "Ku shaida ne. Tun daga farko har ƙarshe, ko tari ba ta yi ba. Ku nuna mini kwamfuta mai tarkace da za ta yi wannan."

Ba mu da wadda za mu nuna.

Daɗin nasara ya sa ya miƙa hannu ya ɗauki wayar Auta. Ya shafa gilashin, ya ga wasannin yara jere, ya ga alamomi shafi bayan shafi. Fuskarsa ta yamutse irin yamutsewar jiya.

"Inna lillahi. Auta, da wannan jujin kika shiga gaban likitoci? Kuma a nan za su kira ki? Ai kiran ma ba zai samu hanyar shigowa ba. Bari, wannan ba ya ɗaukar lokaci. Akwai wuri ɗaya da ake dannawa, komai ya..."

Inna tana fama da gwiwa, in za ta tashi sai an kama ta, sai ta kira sunan Allah, sai ta huta a rabin hanya. Ban ga lokacin da ta tashi ba. Na dai ga wayar a hannunta, na ga ta koma kujera, ta ɗaga matashin, ta sa wayar a ƙasa, ta zauna a kai.

"Da dattinta muke son ta," in ji Inna.

"Inna, ba ki gane ba ne. A ilmance..."

"Na gane. Zauna."

Bai kai ga zama ba kujerar ta fara kuka. Ƙarar na fitowa a dakushe daga ƙarƙashin Inna, matashin na rawa. Auta ta zabura.

"Inna, su ne! Tashi!"

Inna ta gyara zama, ta dubi ɗanta. "Sai ya fita."

"Inna, za ta katse!"

"To ya yi sauri."

"Ni fa ne babba a gidan nan," in ji Injiniya.

"Shi ya sa ƙafarka ta fi tsawo. Fita."

Ya fita. Ni da tela muka bi shi don kada ya ji kaɗaici, muka zauna a benci ƙarƙashin taga. Daga ciki muka ji Auta na cewa na'am, na'am, na gode, na gode ƙwarai. Sai ihun mai ɗakinsa, sai kukan Auta, sai muryar Inna tana ta hamdala. An ɗauke ta.

Injiniya ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya daidaita filas a tsakiyar ƙirji. Ya ce mana shi ba ya son yabo, amma in ya ƙi shiga su yi masa godiya za su ji ba daɗi. Ya taka zuwa ƙofa ya murɗa. A rufe. Ya ƙwanƙwasa.

Labule ya motsa, fuskar Inna ta bayyana a taga.

"Sun ce za su sake bugowa su faɗi ranar fara aiki. Ɗan zagaya tukuna."

"Yaushe za su bugo?"

"Mako mai zuwa," in ji Inna, ta saki labulen.